Kirista da Al'adar Gidansu: Me Aƙidar Zaman Almasihu Mutum ta Halatta, Me ta Hana?

A watan Nuwamba na 2024 fadar Vatikan ta amince wa wasu ƙabilun asali na jihar Chiapas da ke kudancin Meziko su shigar da rawar gargajiya cikin Misa, wato babbar sujadar Katolika, ta kuma yarda maza da mata waɗanda ba limamai ba su riƙa ɗaukar kaskon turare a lokacin ibada kamar yadda suka gada. Shekara biyar kafin haka, ranar 1 ga Disamba 2019, Paparoma Francis ya jagoranci Misa irin ta mutanen Kwango a majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Roma, da kiɗan ganga da rausaya. A tsakanin waɗannan biyun, a Janairun 2024, bishop-bishop na Katolika a Afirka suka sanar cewa ba za su yi aiki da izinin da Vatikan ta bayar na sa wa masu zaman tare 'yan jinsi ɗaya albarka ba, suna kafa hujja da Littafi Mai Tsarki da kuma al'adun nahiyar. Mai bin irin waɗannan labarai yana da dalilin ruɗewa, domin addinin da ke cewa gaskiyarsa ɗaya ce ga dukan duniya sai ga shi yana sauya kama daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokaci da sunan al'ada ake buɗe ƙofa, wani lokaci kuma da sunanta ake rufewa. Tushen al'amarin yana cikin wata tsohuwar aƙida da Kiristoci suka shafe ƙarni huɗu suna kai ruwa rana a kanta kafin su daidaita kalmominta.

Abin da aƙidar take cewa

Kiristoci sun gaskata cewa Kalman Allah, wanda suke kira Ɗa kuma suke ɗauka madawwami ne tare da Uba, ya ɗauki cikakkiyar ɗabi'ar ɗan'adam a cikin Maryamu, aka haife shi Yesu Banazare. Bisharar Yohanna, sura ta 1 aya ta 14, ita ce ginshiƙin maganar: Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Musulunci bai yarda da wannan ba, domin Alƙur'ani ya bayyana Annabi Isa ɗan Maryamu a matsayin bawan Allah kuma manzonsa wanda aka haifa ba tare da uba ba, ya kuma kore masa allantaka. Bayanin da ke tafe ya tsaya ne ga yadda Kiristoci ke fahimtar abin a tsakaninsu.

Ikkilisiyar farko ta fuskanci ra'ayoyi biyu masu jan igiya zuwa ɓangarori daban. Wasu sun rage wa Almasihu allantaka, kamar Ariyus, limamin Iskandariya, wanda ya ce Ɗan halitta ne, aka kuma ƙi koyarwarsa a taron Nikiya na shekarar 325. Wasu kuwa mutuntakarsa suka rage: akwai masu cewa jikinsa kamanni ne kawai, akwai kuma Afolinariyus wanda ya ce ya ɗauki jikin mutum amma bai ɗauki hankalin mutum ba. Amsar da Girigori na Naziyanzus ya ba shi ta zama ƙa'ida har yau, cewa duk abin da Almasihu bai ɗauka ba daga ɗabi'ar mutum, to bai warkar da shi ba. A shekarar 451 taron Kalsidon ya tsayar da cewa Almasihu ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allah da ta mutum, ba tare da cakuɗuwa ko sauyawa ba, ba kuma tare da rabuwa ko tsagewa ba. Ikkilisiyoyin Kibɗawan Masar da Habasha da Armeniya da wani sashe na Siriya ba su karɓi wannan lafazi ba, sun fi son a ce ɗabi'a guda ce haɗaɗɗiya, kuma rabuwar ta ɗore har yau, ko da yake a 1973 Paparoma Paul na Shida da Shenuda na Uku, shugaban Kibɗawa, sun sa hannu a kan sanarwar da ta nuna bangaskiyarsu game da Almasihu ɗaya ce.

Yadda aƙida ta koma maganar al'ada

Hujjar masu neman daidaita bangaskiya da al'ada a taƙaice take. Babu mutumin da ba shi da harshe da gari da dangi. In har Almasihu cikakken mutum ne, to Bayahuden Galili ne na wani zamani takamaimai, wanda aka yi wa kaciya a rana ta takwas, ya yi magana da Aramiyanci, ya halarci bikin aure a Kana, ya ci abincin mutanensa. Tunda Allah bai ƙyamaci shiga al'ada guda ba, in ji su, bishara ma dole ta shiga kowace al'ada ta zama 'yar gida, ba baƙuwa mai tilasta wa masu masauki tufafinta ba. Malamin tarihi Lamin Sanneh, ɗan Gambiya, ya ƙara da cewa Sabon Alkawari kansa da Helenanci, wato harshen Girka, aka rubuta shi, ba da harshen da Yesu ya yi wa'azi da shi ba, don haka fassara tana cikin jinin wannan addini tun ranar farko.

Gwaji na farko ya zo wajajen shekarar 49, lokacin da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara ba da gaskiya da yawa. Tambayar ita ce ko sai sun yi kaciya sun bi shari'ar Musa kafin a karɓe su. Taron manzanni a Urushalima, kamar yadda sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni ta kawo, ya ɗauke musu wannan nauyi, amma ya hana su abin da aka yanka wa gumaka da jini da naman dabbar da aka shaƙe da kuma fasikanci. Ke nan hukuncin farko ya ƙunshi sassauci da hani a takarda ɗaya. Haka ma aƙidar kanta take, domin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ce an jarrabi Almasihu ta kowace hanya kamar sauran mutane, amma bai yi zunubi ba. Wanda ya ɗauki ɗabi'ar mutum ba tare da zunubi ba, bisharar da ke ɗauke da sunansa ba za ta rungumi komai na al'ada ba tare da tacewa ba. Duk ɓangarorin sun yarda da wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne wane abu ne al'ada zalla, wane ne bauta, kuma wa ke da ikon rarrabewa.

Masu karatu Musulmi za su ga kama da muhawarar malaman fiƙihu a kan urfi, inda mazhabar Malikiyya ke ba al'adar gari matsayi muddin ba ta saɓa wa nassi ba. Bambancin shi ne Kiristoci suna ɗora tasu hujjar a kan wanene Almasihu, shi ya sa gardama a kan ganga ko sutura takan rikiɗe nan da nan ta zama gardamar tauhidi.

Abin da ya faru a ƙasar Sin

Babu misalin da ya fi na Sin nuna tsadar kuskure a wannan fage. Matteo Ricci, ɗan Italiya daga ƙungiyar Jezuwit, ya shiga Sin a 1583. Ya fara sa tufafin malaman addinin Buddha, da ya gane ba su ne masu faɗa a ji ba sai ya koma shigar masanan koyarwar Konfushiyus, ya ƙware a littattafansu, ya isa Bejin a 1601, ya rasu a can a 1610. Matsayinsa shi ne rusunawa gaban allunan da ke ɗauke da sunayen kakanni, da ajiye musu abinci, da girmama Konfushiyus, duk ladabi ne na zamantakewa, saboda haka Basine zai iya yin baftisma bai bar su ba. Roma kanta ta taɓa karkata wajen sassauci, domin a 1659 ofishinta mai kula da yaɗa bishara ya umarci masu wa'azi kada su kwashi Faransa ko Sifaniya ko Italiya su kai Sin, bangaskiya kaɗai za su kai.

'Yan ƙungiyoyin Dominikan da Faransiskan, waɗanda suka fi aiki a cikin talakawan karkara, sun ga wani abu daban: manomi yana roƙon kakanninsa tsari da albarkar amfanin gona a gaban waɗannan alluna. Kowane ɓangare yana da shaidar ido, domin biki ɗaya ne amma abin da masanin fada ke nufi da shi ba shi ne abin da manomi ke nufi ba. Sarki Kangxi, wanda ya ba Kiristanci 'yancin wa'azi a 1692, ya shaida da kansa cewa bukukuwan na ladabi ne. Duk da haka Paparoma Clement na Goma Sha Ɗaya ya haramta su a 1704, ya sake jaddada haramcin a 1715. Sarkin ya fusata, a 1724 magajinsa Yongzheng ya haramta addinin, a 1742 kuma Paparoma Benedict na Goma Sha Huɗu ya rufe ƙofar muhawarar. Sai a 1939 Paparoma Pius na Goma Sha Biyu ya ɗage hanin. Kusan shekara ɗari biyu Kiristan Sin yana zaɓi tsakanin cocinsa da kabarin mahaifinsa, a bisa hukuncin da aka yanke a wata nahiya, a hannun mutanen da galibinsu ba su iya karanta harshensa ba.

Afirka daga zamanin mishan zuwa yau

'Yan mishan na ƙarni na 19 da farkon na 20 da yawa sun hana ganga a coci, sun sauya wa masu tuba suna, sun ɗauki kwat da wando alamar shiriya. Amma tarihin bai tsaya a nan ba. Su ne kuma suka rubuta harsuna masu yawa suka fassara Littafi Mai Tsarki, kuma tun 1864 aka naɗa Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, bishop. Akwai al'adun da aka yaƙa waɗanda ba mai neman a dawo da su, kamar kisan tagwaye a yankin Kalaba da Mary Slessor ta yi fama da shi. Akwai kuma inda aka yi gaskiya a manufa amma aka yi garaje a hanya: a Kenya a 1929, da mishan ɗin Cocin Sukotlan ya wajabta wa Kikuyu su yi rantsuwar barin kaciyar mata, dubban mutane suka fice suka kafa nasu coci-coci da makarantu, aka mayar da al'adar tutar kishin ƙasa. Ikkilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa da kansu, irin ta Simon Kimbangu a Kwango daga 1921 da Kerubim da Serafim a ƙasar Yarabawa daga 1925, ba su jira izinin kowa ba wajen shigar da kiɗa da addu'ar warkarwa.

A ɓangaren Katolika, Babban Taron Vatikan na Biyu ya ba da damar yin ibada da harsunan gida a 1963. A Kampala a 1969 Paparoma Paul na Shida ya gaya wa bishop-bishop cewa suna iya samun Kiristanci na Afirka, kuma wajibi ne su same shi. Misa irin ta Zayar, wato Kwango ta yau, wadda Kardinal Joseph Malula na Kinshasa ya tsaya mata, ita ce babbar 'ya'yan wannan kira: ana rausaya, ana ambaton kakanni masu nagartar zuciya tare da waliyyai, ana jinkirta neman gafara sai bayan an ji wa'azi, sannan a yi gaisuwar salama. Sai a 1988 Roma ta amince da ita, bayan kusan shekara ashirin ana kai da komo. A 1995 Paparoma John Paul na Biyu ya sa hannu a Yawunde a kan takardar da ta biyo bayan taron bishop-bishop na Afirka, inda ya ɗora dasa bishara cikin al'ada a kan zaman Almasihu mutum, ya kuma gindaya sharaɗi biyu: kada abin ya saɓa wa saƙon bishara, kada kuma ya yanke zumunci da sauran ikkilisiyar duniya.

Matsayin ɓangarori

John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Najeriya sun tafi a kan cewa 'yan Afirka sun san Allah Mahalicci kafin zuwan Turawa, kuma addinin gargajiya share fage ya yi wa bishara. Kwame Bediako na Gana ya ƙara gaba, ya ce ana iya fahimtar Yesu a matsayin Babban Kaka wanda ya cika aikin da mutanen Akan ke tsammani daga kakanninsu. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne yana magance rabuwar zuciya, inda mutum ke coci ranar Lahadi, in ciwo ya yi tsanani kuma ya lallaɓa wajen boka, saboda cocin bai taɓa amsa tambayoyin da ke damunsa ba.

Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya riƙe sakataren cocin ECWA sannan ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka kafin ya rasu a teku a Mombasa a 1975, shi ne fitaccen mai jan kunne. Ya tashi cikin addinin gargajiyar Jaba, don haka da saninsa yake magana. Ya goyi bayan harshen gida da kiɗan gida da suturar gida, amma ya ƙi duk abin da zai nuna cewa akwai ceto a wajen Almasihu ko ya mai da kakanni matsakaita tsakanin mutum da Allah. Yawancin coci-cocin bishara na arewacin Najeriya a kan layinsa suke. Coci-cocin Fentikos sun fi shi tsanani a baki, suna kiran mabiya su yanke hulɗa da tsafin gida da la'anar kakanni, sai dai masu bincike sun lura cewa yadda suke ɗaukar maita da aljanu da mafarki da muhimmanci ya sa sun fi kowa kusa da tunanin gargajiyar da suke yaƙa.

A cikin Katolika ma akwai masu ɗari-ɗari. Joseph Ratzinger, kafin ya zama Paparoma, ya yi nuni a wani jawabi a Hong Kong a 1993 cewa babu bangaskiya tsirara da za a tuɓe wa rigar Yahudawa da Helenawa a sa mata wata, domin duk inda bishara ta isa tana zuwa ne da tarihinta, abin da ke faruwa haɗuwar al'adu biyu ne. Wannan gyara yana da nauyi, kuma ya nuna inda kwatanci da zaman Almasihu mutum ya tsaya: a aƙidar Kirista wancan abu sau ɗaya ya faru, kuma al'ada ba mutum guda ba ce mai baki ɗaya. In aka ce al'adar mutane kaza, sau da yawa ra'ayin dattawa maza ake nufi, alhali matan gidan da samarin birni suna da tasu fahimtar. Zafin saɓanin ya bayyana a Oktoban 2019, lokacin taron bishop-bishop kan yankin Amazon, da wasu suka kwashe sassaƙen wata mace mai ciki daga wani coci a Roma suka jefa a kogin Tiber suna cewa gunki ne, masu shirya taron kuwa suka ce alama ce ta rai.

Auren mace fiye da ɗaya

Nan ne muhawarar ke shiga ɗakin talaka. Taron Lambeth, wato babban taron bishop-bishop na Anglikan, a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma ba sai ya rage saura guda, duk da cewa tun kafin haka Bishop John Colenso na Natal ya yi gargaɗin cewa korar matan zalunci ne. Shekara ɗari cif bayan haka, a 1988, Lambeth ta sassauta: ana iya yi masa baftisma da matansa da 'ya'yansa masu bi, bisa sharaɗin ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikinsu na raye, jama'ar cocin wurin sun yarda, kuma ba za a tilasta masa sakin kowa ba. Dokar Katolika har yanzu tana cewa ya riƙe ɗaya, ya kuma biya wa sauran bukatunsu bisa adalci, amma taron bishop-bishop na Roma a 2023 ya nemi haɗaɗɗiyar ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka da Madagaska ta yi nazarin matsalar. Masu riƙe da tsauri suna tsoron sassauci zai rushe koyarwar aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya. Masu neman sassauci suna tambayar makomar matar da aka aura bisa ƙa'idar garinsu, ta haihu, sannan tuban mijinta ya zama sanadin fitarta daga gida da raunin gadon 'ya'yanta. A coci-coci da dama mafitar da aka samu ita ce mutumin ya riƙa zuwa sujada amma ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Almasihu, ba ya kuma riƙe muƙamin dattijo.

Yadda abin yake a ƙasar Hausa

Ƙungiyoyin mishan irin SIM da ta fara yunƙuri a 1893, da SUM da ta sauka Wase a 1904, da ta Cocin 'Yan'uwa da ta kafa tasha a Garkida a 1923, sun tarar gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, sai suka fi ƙarfi a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da kudancin Borno. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, da gagarumar gudummawar Likita Walter Miller na Zariya. Sakamakon ya zo da fuska biyu. Hausa ta haɗa ƙabilu masu yawa a sujada ɗaya da littafin waƙoƙi ɗaya, amma ga Birom ko Angas ko Baju ita ma baƙon harshe ce, shi ya sa har yau ake aikin fassara zuwa harsunansu. Zumuntar Mata, da tulu da gora da ganga da waƙoƙin da matan ke tsarawa da kansu, ta yi aikin dasa bangaskiya cikin al'ada fiye da takardu masu yawa, ba tare da wani babban taro ya tsara mata ba.

Ga Bahaushe Kirista, ko na Wusasa ko wanda ya fito daga Maguzawan Kano da Katsina ko na yankin Maraɗi, tambayar ta fi kaifi, domin al'adar Hausa ta daɗe da cuɗanya da Musulunci. In ya sa babbar riga, ya yi suna ranar bakwai, ya binne mamacinsa da wuri, matarsa ta yi lulluɓi, wasu 'yan'uwansa Kiristoci daga wasu yankuna na iya ganin bai gama fita daga tsohon addini ba, maƙwabcinsa Musulmi kuma na iya zargin ɓad-da-kama ce don jan hankalin mutane. Wannan zargi yana da inda ya samo asali, domin a duniyar mishan an yi zazzafar muhawara a kan ko mai bin Almasihu zai iya ci gaba da kiran kansa Musulmi, da kuma ko masu fassara za su sassauta lafazin Ɗan Allah, har wani kwamitin ƙungiyar masu bishara ta duniya ya ba da shawara a 2013 cewa a riƙe kalmomin uba da ɗa. Coci-cocin arewa galibi sun tsaya a kan cewa sutura da harshe da kunya da gaisuwa na Bahaushe ne ko wane addini yake bi, amma ba a ɓoye aƙida, kuma bori ba ya shiga coci.

Abin da ya fi taɓa aljihun iyali shi ne aure. Inda coci bai ɗauki ɗaurin auren gargajiya a matsayin cikakke ba, saurayi yakan biya sadaki ya yi bikin dangi, sannan ya sake neman kuɗin bikin coci da farar riga da kek, waɗanda al'adar Turai ce ba umarnin Littafi Mai Tsarki ba. Waɗanda suka kasa sukan zauna shekaru a matsayin miji da mata a idon gari, a idon coci kuwa suna ƙarƙashin horo, ba sa cin Jibi. Wasu coci-coci sun fara ɗaura wa ma'aurata da yawa aure a rana ɗaya don rage tsada, wasu kuma fasto kan je gidan iyayen amarya ya sa albarka a wurin da dangi suka taru, a gama komai a zama ɗaya.